Babi na Bakwai: Jar Wutar da Ke Gaisuwa a Silo

Mun taso daga Katsina bayan azahar, cikin watan Afrilu, a wata Golf da ta sha fenti aƙalla sau uku. Mu biyu a gaba kusa da direba, huɗu a baya, but kuwa da igiya aka ɗaure shi saboda buhunan da ya haɗiye. Muka wuce Charanchi, muka sauke mutum biyu a Kankiya muka ɗauki wasu biyu, har muka iso Rimaye motar ko tari ba ta yi ba. Sai da direban ya gangara gefen titi don a kwance wa wata tsohuwa buhunta, sannan na lura da ƙafarsa. Mota a tsaye, giya a firi, amma ƙafar tana kan totur, yana ɗan dannawa yana saki kamar tela a kan keken ɗinki. Da ƙirgar canji ta ɗauke masa hankali, ƙarar injin ta sauka, sai wata 'yar jar wuta mai hoton buta ta soma ƙyaftawa a bayan sitiyari. Ya taɓa totur, ta ɗauke. Ya saki, ta dawo.

Na ce, "Maigida, wannan wutar fa?"

Ya yi dariya. "Malam, ai gaisuwa take yi. In ta ɗau zafi na tsaya, sai ta gaishe ni. Shekara guda ke nan muna haka da ita, mi ta yi mani? Mai kuwa cike yake, da safen nan na duba."

Gaskiya ya faɗa. Man cike yake, kuma mota tana iya shekara tana wannan ƙyafce ba ta buga ba. Sai dai wutar ba zancen yawan mai take yi ba. Hoton butar nan ya yaudari direbobi da yawa: mutum ya ga ta kama, ya ɗaga bonet, ya zaro geji, ya tarar da mai har layin sama, ya ce to ƙarya take. Alhali abin da take faɗa shi ne, man da ke kwance a ƙasa ba ya isa inda ake bukatarsa da ƙarfin da ya kamata. Rijiya cike, shuka tana jin ƙishi.

Duk wanda ya taɓa noman rani a fadama ya riga ya san rabin wannan babi. Ka ta da injin ban ruwa, ka ja mesa zuwa fangalin tumatir. In ka bar bakin mesar a buɗe, ruwa zai riƙa kwarara a sanyaye. In ka toshe rabin bakin da babban yatsa, sai ya yi tsartuwa ya kai nesa. Injin bai ƙara komai ba, ruwan da yake turowa shi ne dai. Ƙuncin mafita ne ya haifar da ƙarfin. To yanzu a ce mesar ta tsufa, rana ta dafa ta, ƙaya ta huda ta wuri goma. Muddin ka buɗe wa injin wuta, ruwa zai kai fangalin ƙarshe duk da yoyon. Ka rage wuta kuwa, sai ramukan su shanye ɗan abin da ke tafe, fangalin ƙarshe ya wuni a bushe.

Famfon baƙin mai haka yake aiki. Wasu ƙarafa ne biyu masu haƙora da ke cin juna a cikin ɗan gida, kuma injin da kansa ke juya su, don haka gudunsu gudun inji ne. Famfon yana zuƙo mai daga kaskon ƙasa, wanda kanikawa ke kira botom filet, ta cikin wata rariya ta waya. Ya tura shi filta, daga nan ya shiga hanyoyin da aka huda a jikin bulok, ya rarrabu zuwa metal ɗin karanshaf, ya hau sama zuwa tof silinda inda kamshaf da tafet suke. A kowane ɗaya daga waɗannan wurare man yana tsiyayewa ya koma kasko, kuma da gangan aka yi hakan, domin man da ya ratsa ya wuce shi ne ke kwashe zafi da datti. Abin da muke kira matsin mai, kanikawa su ce firesha, saura ne kawai: abin da ya rage tsakanin wanda famfo ya turo da wanda ramuka suka zubar.

Babban mazubi shi ne metal. Wanda bai taɓa ganinsa ba ya ɗauki awarwaro mai faɗi ya raba shi gida biyu. Bayansa ƙarfe ne mai tauri, fuskarsa kuwa mai laushi ce, an yi ta ne don ta cinye a madadin karanshaf mai tsada. Tsakanin metal da karanshaf akwai rata, wadda a yawancin ƙananan motoci sababbi ba ta wuce 0.02 zuwa 0.06 na milimita ba. Silin gashi ya fi ta kauri. A cikin wannan 'yar rata rayuwar injin take. Kuma lissafinta ba na adalci ba ne: a ƙa'idar da masana suka fitar ta kwararar ruwa a tsakanin ƙunci, in rata ta ninka biyu, abin da zai iya zurarewa ta cikinta ba ninki biyu ba ne, yana iya kaiwa takwas. Injin silinda huɗu irin na Golf yana da mazaunin metal biyar na karanshaf da huɗu na kwanrod. Ramuka tara ke nan a mesa ɗaya, kowanne yana buɗewa a hankali, shekara da shekaru, ba tare da ƙara ba.

Sai zafi. Kowa ya san yadda manja ke daskarewa a kwalba da hunturu, da yadda yake zama ruwa tsululu a tukunya. Baƙin mai bai kai manja saurin sauyi ba, amma halin ɗaya ne. Da safe yana da kauri, ya cika ratar nan dam, matsi ya hau. Bayan tafiyar awa guda zafinsa yana kaiwa digiri 100 ko sama, balle a watan Afrilu da inuwa ma take haura 40, ga lodi ya wuce ƙa'ida. Man ya tsinke, yana sulalewa ta ko'ina. Muddin ana gudu inji yana juyi 2,500 ko 3,000 a minti, famfo yana turo abin da ya fi ƙarfin yoyon. Da an tsaya juyin ya sauko 800 ko 900, wato silo, famfo ya koma kashi ɗaya cikin uku na aikinsa. Rata a buɗe, mai a tsinke, famfo a sanyaye: a gefen titin Rimaye ukun suka haɗu, shi ya sa wutar ba ta gaishe shi a tashar Katsina ba, inda injin bai riga ya gasu ba.

To me ya sa ya shekara bai kwana a hanya ba? Amsar tana da tarihi mai daɗi. A shekarar 1883 wani injiniya a Ingila mai suna Beauchamp Tower yana gwaji a kan irin mazaunin da gatarin taragon jirgin ƙasa ke juyawa a ciki. Ya huda rami a saman mazaunin don ya riƙa ɗura mai ta nan, sai ya ga da gatarin ya fara juyi man yana bulbulowa ta ramin. Ya toshe da toshiyar kwalba, ta fito. Ya buga turken katako, shi ma a hankali aka turo shi waje. Da ya ɗaura ma'auni a ramin, allura ta wuce 200, iyakar abin da ma'aunin ke iya nunawa, wato ninki shida na iskar da mai faci ke sa wa tayar ƙaramar mota. Babu famfo ko ɗaya a wurin. Juyin gatarin ne da kansa yake jan mai yana cusa shi ƙarƙashinsa, har ya ɗaga ya hau kan man yana shawagi, ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba. Bayan shekara uku, a 1886, Osborne Reynolds na Manchester ya fitar da lissafin abin, kuma da shi ake zana metal har yau.

Ma'anar wannan ga direbanmu ita ce, ba matsin famfo ne ke ɗauke da karanshaf ba. Aikin famfo shi ne ya tabbata ratar ba ta taɓa rasa mai ba. Ɗaukar nauyin, karanshaf ne ke yi wa kansa. A silo nauyin da ke kan metal kaɗan ne, don haka ɗan abin da ke isowa yana iya wadatarwa, inji ya ci gaba da rayuwa da matsin da a takarda abin tsoro ne. Amma fangalin ƙarshe, wato kamshaf da tafet da ke can sama, su ne ke fara jin jiki, shi ya sa irin wannan mota takan yi ƙas-ƙas-ƙas a kai in ta yi zafi. Kuma ratar ba ta komawa baya. Kullum ƙaruwa take, kuma duk ƙaruwar da ta yi tana gaggauta ta gaba.

Masu ƙera Golf sun san da bambancin silo da gudu, har suka sa mata 'yan tsaro biyu maimakon ɗaya, abin da direbobi da yawa da ke cin abinci da ita ba su sani ba. Akwai oyil suwic ɗaya a gefen tof silinda, wanda ba ya kunna wuta sai matsi ya faɗo ƙasa da wajen bar 0.3. A ma'aunin mai faci, huɗu ke nan. Tayar da ke da iska huɗu ta kwanta ƙasa. Na biyun yana jikin gidan filta, shi kuwa ba ya magana sai inji ya haura juyi 2,000, ya duba ko matsi ya kai wajen bar 1.8 a yawancin masu shan fetur. In bai kai ba, wuta ta kama, wata ƙararrawa ta ɗauki tsuwa a cikin dashbod. Ƙa'idar kamfanin ita ce, da mai mai zafin digiri 80, a juyi 2,000, kada matsi ya gaza bar 2. Wutar silo gargaɗi ce. Tsuwar kan hanya kuwa, a nemi gefe a tsaya.

Yana da kyau a tuna ko wace irin mota ce ke jigilar mutanen Rimaye da Sukuntuni da Kusada. Zamanin da Fijo ke mulkin hanyar Kano zuwa Katsina, a Kaduna ake haɗa ta, a masana'antar da ta fara aiki a 1975, kuma an ci gaba da haɗa 504 a can har 2006. Mutum yana iya sayen mota ya san tarihinta tun daga kilomita na farko. Golf da Sharon da suka gaje ta labarinsu daban ne. An fara ƙera samfurin Golf irin na direbanmu a 1991, aka daina kafin 2000, ke nan ƙaramar cikinsu ta haura shekara 25. Ta gama rayuwa guda a Turai, ta sauka a Kwatano ko Legas, ta wuce hannu uku ko huɗu kafin ta zo layin tasha. Lambar kilomitar da ke gabanta ko dai an mayar da ita baya kafin a sayar, ko ta tsaya cak tun shekarun baya. Kuma ka yi lissafi: tsakanin Kano da Katsina wajen kilomita 170 ne. Motar da ke zuwa ta dawo sau ɗaya a rana, kwana shida a mako, tana cin sama da kilomita 100,000 a shekara. Wannan ban da sa'o'in da take kashewa a kunne a shingen bincike da cunkoson ranar kasuwa, waɗanda babu ma'aunin da ke ƙirga su.

Tsufa kaɗai ba ya buɗe metal da sauri haka. Ƙasarmu tana taimakawa. Ƙurar hunturu garin yashi ce, kuma yashi ya fi fuskar metal tauri nesa ba kusa ba. Matatar iska takan shekara ana kai ta wurin mai faci yana hure ta da iska mai ƙarfi har ta yi ƙananan huji, wasu ma cire ta suke yi wai don mota ta yi numfashi. Abin da ya shiga ta nan, wani ya gangara cikin mai, ya zama kamar tokar da ake goge tukunya da ita. Sai juyen mai da ake ja wa rai, musamman tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace naira ta zama abin lissafi. Sai man kwalba na bakin titi da ba a san asalinsa ba, da filta mai arha wadda in ka yanka ta za ka ga takardar ciki ba ta kai tafin hannu ba. Sai Golf ɗin da aka cire mata tsarinta na asali aka ɗora mata kafireta, fetur yana wuce ƙa'ida yana wanke silinda yana sauka kasko. Ka shinshina geji ka ji warin fetur, man ya ƙaru a ido amma ya mutu a aiki. Akwai kuma ɗabi'ar jan lodi a babbar giya da ƙaramin juyi don tsimin mai, inji yana gurnani yana kakkarwa. A daidai wannan lokaci nauyi ya fi yawa a kan metal, juyin da zai ɗaga karanshaf kuma ya fi ƙaranci. Fetur ɗin da aka tsimta, metal ne ya biya.

Magungunan da ake yi wa wannan wuta a garejinmu ba darajarsu ɗaya ba, kuma ban yarda da masu yi musu kuɗin goro ba. Mai mai kauri, alal misali, ba laifi ba ne a inda ya dace. Lambobin da ke jikin galan sun samo asali ne daga ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka, SAE, wadda ta fara jera mai bisa kaurinsa tun 1911. A 20W-50, lambar farko halinsa ne da sanyi, ta biyu kaurinsa a digiri 100. Tsohon inji irin na Golf ko Fijo, a ƙasa mai zafi, 20W-50 ba baƙo ba ne gare shi, kuma in rata ta ɗan buɗe yakan cike giɓin ya sayi lokaci. Sandar dogarawa ce, tsoho kuwa ba ya jin kunyar sanda. Inda ake kuskure shi ne ɗura irin wannan a sababbin Toyota da Honda da aka yi wa ƙananan hanyoyi don 5W-30 ko 0W-20. Haka kuma gwangwanin nan mai yauƙi kamar zuma da ake ƙarawa a kan mai: allura takan hau, amma hawan allura ba yawan man da ke ratsawa ba ne. Ka tuna da yatsa a bakin mesa.

Ɗaga silo, ko ta murɗa sukuru ko ta jan wayar totur, shi ne abin da ƙafar direbanmu ke yi, kuma gaskiya yana ƙara wa famfo gudu. Bai gyara komai ba, amma aƙalla man da ya ƙaru na gaske ne. Wanda ba shi da amfani shi ne cusa wosha a bayan sifirin ɗin famfo. Wannan bawul mai sifirin aikinsa rage matsi in ya yi yawa, kamar da sanyin safiya. A silo mai zafi a rufe yake ruf. Ka ƙara masa wosha goma, ka ƙara wa rufaffiyar ƙofa sakata ne kawai. Sai in datti ya maƙale shi a buɗe, nan kuwa wanki yake so.

Na ƙarshe shi ne wanda ba na iya yi wa uzuri: a kira mai waya ya zare kwan fitilar, ko ya tsinke wayar suwic, ko ya kashe ƙararrawar. Ana yin wannan ƙwarai, musamman in za a kai mota kasuwa. Don haka duk mai sayen tsohuwar mota ya murɗa makulli mataki ɗaya kafin ya tayar, ya duba ko butar ta kama. In ba ta kama ba tun inji yana kashe, to an rufe mata baki ne. Kuma kada ya yarda da gwajin safe. Ya ce a zagaya da ita rabin awa, a dawo a tsaya a silo.

Bayan wata huɗu, damina ta yi nisa, na je Kankiya gyaran babur, sai ga Golf ɗin nan a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, bonet a ɗage. Direban ya gane ni. Ya ce gaisuwar ta zama kuka: kwana uku ke nan in ya ɗau hanya ta yi zafi, sai tsuwa ta tashi a dashbod, fasinjoji suna tambaya. Ya je wurin mai waya ya ce a kashe, aka ce ya dawo gobe, a hanya wani abokinsa ya karkato da shi nan.

Bakaniken dattijo ne, gemunsa fari, ya yi zamani da Fijo. Bai taɓa sifana ba tukuna. Ya zaro geji ya duba, ya murza man a yatsu, ya shinshina. Ya durƙusa ya leƙa kaskon ƙasa ko dutse ya lotsa shi, domin kaskon da ya loɓa yakan matse bakin rariya. Sannan ya aiki yaronsa ɗaki ya ɗauko wani abu a naɗe cikin tsumma: ma'auni mai allura, da guntun tiyo, da 'yan kawuna na tagulla. Ya kwance oyil suwic ya ɗaura ma'aunin a gurbinsa.

"Baba, ai da ka canza suwic ɗin kawai," in ji direban. "An ce mani shi ke lalacewa."

"Yana lalacewa," dattijon ya ce. "In shi ne, ka huta, kuɗin goro ne. Amma ni ban canza mashi kaya sai na ji daga bakinshi. Tayar."

Da aka tayar allura ta yi sama ta wuce huɗu. Direban ya washe baki. Dattijon ya ce kada ya yi saurin murna, a bar ta ta gasu. Aka bar ta tana aiki ana ba ta wuta har fanka ta kama ta saki, ta kama ta saki, muna zaune a benci muna kallon allurar tana saukowa kamar rana da la'asar. Da ta yi zafi sosai, a silo da ƙyar ta ɗaga daga kan sifiri. Ya sa aka riƙe totur a 2,000, ta hau ta tsaya wajen ɗaya da rabi.

Abin da dattijon ke karantawa a nan ba boyayye ba ne. Da allura ta nuna lafiya a silo da gudu, suwic ne ko wayarsa ke ƙarya. Da ta hau sannan ta riƙa faɗowa ko rawa yayin da ake ƙara wuta, sai a zargi rariya ta toshe ko mai ya yi ƙasa, famfo yana haɗiyar iska. Wadda ta yi kyau da sanyi, ta zube da zafi, tana bin totur sama amma ba ta kai ƙa'ida ba, wannan yoyo ne: ko metal, ko famfon da kansa ya cinye. Famfo ne ake fara ɗora wa laifi domin shi ya fi sauƙin canzawa, alhali shi ne ƙarfen da ya fi kowa wanka da mai a cikin inji. Mutane da yawa sun sayi sabon famfo wutar ta dawo bayan mako biyu.

Aka tsiyaye mai, aka sauke kasko. Rabin rariyar a liƙe yake da baƙin dalaki da wasu jajayen zare-zare na gam, irin wanda ake malala wa gaskit ba awo, ya matso ciki ya yanke ya bi mai. Yaron ya karkata kaskon a rana, muka ga ƙasansa yana ƙyalli kamar an barbaɗa kwalli mai ruwan zinariya. Dattijon ya kwanta a kan buhu, ya kwance murfin kwanrod ɗaya, ya fito da ɓarin metal ya miƙa wa direban. Fuskar da ya kamata ta zama fara-fara mai toka ta koɗe, jan tagulla ya fito a tsakiya. Sannan ya sa farcen babban yatsa ya ja a kan wuyan karanshaf, a hankali, idonsa a rufe. Ya sake ja.

"Bai kama farce ba," ya ce. "Allah Ya so ka, yaro. Da ka ƙara sati da tsuwar nan, da sai Kano."

Sai Kano yana nufin a sauke inji gaba ɗaya, a kai karanshaf wurin masu girandin su rage wuyansa da 0.25 na milimita, abin da kanikawa ke kira ten, a nemo metal mai kaurin da ya dace da shi. In ya riga ya sha girandin sau biyu ko uku, ko kwanrod ya fasa bulok ya leƙo waje, sai a nufi Ƙofar Ruwa neman injin Beljiyam, wanda shi ma ba a san abin da ya gani a duniya ba. Mota ta yi mako biyu ko wata a kan duwatsu, balas ɗin mai mota yana taruwa, gida ba cefane. A nan kuwa saitin metal ne, da gaskit, da filta ta kirki, da galan ɗin mai, kuma ana iya sa su ta ƙasa inji yana zaune a mazauninsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda dattijon ya yi haɗin. Ya sa aka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, ya shimfiɗa kwali, ya wanke hannu da fetur, bai buɗe takardar sabon metal ba sai da zai sa shi. Na sha ganin inda ake ajiye metal a kan yashi, a ɗauka a goge da gefen riga a ɗaura, ko a kankare murfi da zarto, ko a cusa takardar sigari a baya don a matse rata, sannan in inji ya buga bayan wata biyu a ce kayan yanzu ba su da kyau. Ya buɗe famfon ya duba haƙoransa da murfinsa, ya ce zai ƙara kai su wani lokaci. Ya wanke rariyar har ana hango rana ta cikinta. Gam kuwa ɗan kaɗan ya shafa da kan yatsa, a kusurwoyi kawai.

Ana kiran magariba aka tayar. Bai cire ma'auninsa ba sai da ta sake gasuwa: a silo allura ta tsaya a kan ɗaya da ɗan ɗori, a 2,000 ta wuce biyu da rabi. Ya ce wa direban ba sabuwa ba ce, kada ya ɗauka an mayar mashi da ita yarinya, kuma ya sayi matatar iska kafin hunturu.

Direban ne ya kai ni Rimaye a daren. Da muka tsaya a bakin tasha na duba bayan sitiyari, duhu ne, butar ba ta ce komai ba. Na duba ƙasa, sai na ga ƙafarsa tana kan totur, tana dannawa tana saki.

Na ce, "Maigida, ai an gyara."

Ya kalli ƙafar, ya ɗauke ta, ya ajiye a gefe. Kafin in gama ciro kuɗin mota daga aljihu ta koma.